Dutsen da Na Nuna wa Iya

Ranar Asabar ɗin farko ta hutun bazara, shekarar da nake aji huɗu, Kawu Sale masunci, ƙanin Baba, ya tura kwale-kwalensa cikin ruwan Tiga ɗauke da ni da kakata Iya. Murna kamar in tashi sama. Duk tsarata babu wadda ta taɓa taka tsibirin nan da ba ya fitowa sai ruwa ya ja baya, kuma shi ne tudun tsohon garinmu kafin ruwan dam ya tashi mutanenmu. Tun da sassafe na yi shara, na ɗebo ruwa, na wanke kwanuka ba wanda ya sa ni, don kada a sami hujjar barina a gida. Iya ta turara dambu da zogale, ta ƙulle yajin ƙuli-ƙuli, ta ce yau ni ce idonta, domin yanar ido ta ci ƙarfinta, haske da inuwa kaɗai take gani.

Kai, wurin nan da kyau yake! Yashi fari fat, ciyawa kore shar alhali a gida ƙasa ta bushe ƙamas, balbelu sun yi layi a bakin ruwa, iska mai sanyi tana kaɗa min ɗankwali. Kawu ya jefa ragar birgi ya kamo karfasa manya, ya hura wuta, ya tsire su a jikin kara ya barbaɗe da yaji. Ƙamshi ya tashi, yawuna ya tsinke, har na fara shirya irin cika bakin da zan yi wa ƙawayena in an koma makaranta.

Ashe Iya ba kifi ya kawo ta ba. Ta kama wuyan hannuna, muka hau tudu, sannan ta gaya min abin da ban taɓa ji ba. 'Yarta ta fari ta rasu tana goye, aka binne ta a bayan ɗaki, aka sa ɓarin dutsen niƙa a wurin. Ba ta faɗi sunanta ba. Matan zamaninsu kunyar ɗan fari suke yi, ba sa kiran sunansa, ko mutuwa ya yi ba sa kuka a gaban mutane. "Yarinyar nan" kawai take cewa. "Nemo tsamiya, 'yar nan, ki ba ta baya, ki fuskanci rijiya," in ji ta. Ina tsamiya? Ina rijiya? Ruwa ya share komai, sai laka da bawon katantanwa. Muka yi gabas, muka yi yamma, rana ta take, ƙafafunta suna nutsewa a taɓo, tana ta kwatance da bishiyoyi da katangun da suka ruɓe tun ba a haife ni ba. Da ta ce damina ta kusa, kuma ba ta jin za ta ga wata bazarar, sai hawaye suka zubo min. Na rasa yadda zan yi da ita, ga tausayi, ga gajiya, ga yunwa, ba zan ɓoye ba. Na hangi wani dutse na ce, "Iya, ga shi nan."

Ta durƙusa ta shafa shi da tafin hannu, sama da ƙasa. Dutse ne kawai mai kaushi, ko alamar niƙa babu, ita kuwa ta shekara hamsin tana niƙa. Can ta ce, "Allah ya yi miki albarka," ta ɗaga hannu ta yi addu'a a hankali. Na kasa kunne ko zan ji sunan, ban ji ba. Da muka sauko ta ci kifinta da dambu, har ta ce Kawu ya cika gishiri. Ni kuwa ko loma ɗaya ban ci ba.

Iya ta rasu kafin a yanke gero. Daga baya na tambayi Baba da Kawu sunan yayarsu, kowanne ya girgiza kai, domin a bakinta kaɗai za su ji, ita kuma ba ta taɓa faɗa ba. Yanzu matasa kan je tsibirin su ci gasasshen kifi su ɗauki hoto da waya, mu kuma iyayen yau muna ƙwala wa 'ya'yanmu na fari kira daga ƙofar gida ba kunyar kowa. Na yi ƙaryar dutse don ta huta, ta karɓa don in huta. Sunan kuwa da shi ta tafi.