Kwandon Tamar Baba Dauda

A shekara ashirin da na yi ina zubin tukwane a Yelwa, ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da Baba Dauda ya zo daga Iware da kwandon jajayen duwatsu. Lokacin ni ne mai kula da wuta, na biyu bayan maigidanmu Malam Sani, kuma ji nake babu abin da ya gagare ni.

Tsohon ya ce tama ce, dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa, kuma ita kaɗai ta rage cikin abin da mahaifinsa ya bari. Fartanya ɗaya yake so daga ciki kafin ƙasa ta rufe masa ido. Malam ya yi tafiya, sai na ce, "Baba, ka zo jibi."

Aikinmu narkarwa ne. Mu zuba gwangwanaye da fasassun tukwane a kasko, wuta na ƙasa, su zama ruwa, mu juye. Haka na yi wa tamar. Yini biyu ina zuga, duwatsu suka yi baƙi suka farfashe, ko ɗigo bai fito ba. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan na ƙona wa mutum gadonsa.

Jibin, Malam da Baba suka iso tare. Baba ya leƙa kaskon, ya yi dariya har da hawaye.

"Ɗana, ai dutsen bai ɓata ba. Ka gasa shi ne. Baba nawa ma haka yana farawa."

Malam ya ce, "Gwangwani dama ƙarfe ne, kamanninsa kawai kake sauyawa. Tama kuwa dutse ce. Sai ta kwanta cikin gawayi a rufaffen murhu, gawayin ya janye abin da ya riƙe ƙarfen."

Baba ya nuna mana yadda ake gina murhun laka, tsayin ƙirji. Da ya bushe muka jera gawayi, tama, gawayi. Daga safe har la'asar muna zuga, muka ciro dunƙulen ƙarfe kamar curin fura. Maƙerin maƙwabtanmu ya buge shi, aka sami 'yar fartanya da ba ta kai tafin hannuna ba.

Tun ranar ba na cewa "ka zo jibi" sai na tambayi mai kaya abin da ya sani, don sau da yawa ya fi ni. Baba Dauda kuwa ya saɓa fartanyarsa, ya shafa bakinta, ya ce, "To, bana Baba nawa zai koma gona."