Kilo Ɗaya, Mujalladi Ɗaya

A shekarata ta uku a Alƙahira na zauna ɗaki ɗaya a unguwar Darrasa da wani ɗalibi ɗan wani tsibiri can tsakiyar teku. Ƙato ne, yana tashi da kwano biyu na kushari ko gezau. Duk abin da ya samu kuma a shagunan littattafai na bayan masallaci yake ƙarewa, har muka rasa wurin shimfiɗa sallaya.

Da karatunsa ya zo ƙarshe sai ya daina cin burodi. Na ce lafiya? Ya ce filin jirginsu bai fi filin ƙwallo ba, rumfa ɗaya ce da sikeli, kuma jirgin da ke kai su daga babban gari ɗan mitsitsi ne. Mutum da kayansa ake ɗorawa a sikeli tare. Abin da ya haura sai a bar shi a tasha ya jira jirgin ruwa, a can kuwa laima ke cinye takarda.

"Ya shaikh," in ji shi, "duk kilon da na sauke, mujalladin littafi ɗaya ne ya tsira."

Na ce, "Kai dai wallahi ba ka da aiki. Ka sayar da rabi mana!" Bai ko kalle ni ba.

Haka ya koma shayi da kokwamba. Duk Juma'a in mun fito masallaci sai ya ratse kantin magani ya hau sikeli, ya dawo ya ciro littafi daga tulin da zai bari ya mayar tulin tafiya. Ni da sauran ɗalibai muna tsokanarsa da ƙamshin ful, dafaffen waken can, yana cewa ma'alish, wato ba komai. Jallabiyarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Ni abin haushi yake ba ni, don girkin mutum ɗaya ba daɗi.

Bayan ya tafi ya kira ni. Littattafai sun isa, ko ɗaya ba a sauke ba. Na ce tamam, barka.

Sai ya ce mahaifiyarsa na tsaye a bakin shingen filin, ya zo gabanta tana leƙen bayansa tana neman ɗanta. Da ta gane shi sai ta zauna a ƙasa. Ta rantse ƙanensa, wanda ya riga ya samu gurbin karatu a Alƙahira, ba zai taka Masar ba, tunda yunwa ake yi a can.