Motar da Ta Kai Oga Matiyu Coci

Ranar da Lawali ya shigo garejin nan da wata jar mota mai buɗaɗɗen kai, ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Ƙarshen damina ne, hanyoyi duk sun farfashe, kuma saura 'yan makonni Oga Matiyu ya tattara ya koma garinsu can kudu. Yawancinku yaran garejin na yanzu ba ku riske shi ba. Shi ya kafa wurin nan tun motocin Bagudo ba su da yawa, kuma shi ya koya mini aikin ƙafar mota, wato duk abin da ke tsakanin taya da jiki: sifirin, shokazoba, robobi da ƙarafan da ke riƙe su.

Ni da Lawali tare aka kawo mu wurinsa, ni daga Kurgu, shi daga cikin gari. A tsarin gareji mutum yakan fara da wankin kaya da miƙa sifana, daga nan ya zama babban yaro wanda ake bari ya kwance ya ɗaura, sannan a yaye shi. Ni na bi duka matakan. Lawali bai kai ga yaye ba. Ya bi wani dillali zuwa Kwatano, ya shiga harkar motoci, Allah kuma ya buɗa masa. Ni kuwa ko bayan yaye ban je ko'ina ba. Da ciwon baya ya hana Oga shiga ƙarƙashin mota, ni na riƙe garejin, ni ke kai shi asibiti, ni ke sauke wa Mama, matarsa, kayan cefane. Amma duk baƙon da ya zauna a bencin Oga, labarin Lawali zai sha.

"Wannan yaro yana da kunne," haka yake cewa. "Mota na wucewa zai gaya maka abin da ke damunta."

Ina kwance ƙarƙashin wata mota ina jin su, baƙin mai yana ɗiga mini a wuya.

To, ran nan Lawali ya tsaya a tsakiyar gareji, ya danna wani maɓalli, rufin motar na tamfal ya ɗaga da kansa ya naɗe ya shige baya. 'Yan kabu-kabu suka bar fasinja suka zo kallo. Oga, wanda sai na kama hannunsa yake tashi, ya miƙe shi kaɗai ya rungume shi yana cewa, "Ɗana ya dawo." Nan Lawali ya sanar cewa ranar Lahadin da za a yi wa Oga addu'ar ban kwana, shi zai ɗauke shi da Mama a wannan mota, kai a buɗe, a ratsa tsakiyar gari har ƙofar coci. Kowa ya yi tafi. Ni ma na yi. Ban gaya wa kowa ba cewa tuni na roƙi surukina aron tsohuwar motarsa saboda wannan rana, har na canza mata robobin gaba don kada ta girgiza Oga.

Da mutane suka watse, Lawali ya ja ni gefe ya tsugunna wurin tayar baya.

"Ummaru, so nika ka sassauto min da ita. Duba nan, hannu na shiga tsakanin taya da jiki. A Kwatano irin wagga da ƙasa suke tahiya."

"Har ina kake so ta sauka?"

"Yatsu huɗu. Na ma sawo kayan."

Ya buɗe but ɗin bayan motar ya nuna mini sifirin huɗu, rawaye, gajeru, masu kauri. Na ɗauki ɗaya na aza a ƙasa na hau da ƙafa. Ko motsi bai yi ba.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba aikinsu ba ne. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke lanƙwasawa idan taya ta faɗa rami. In an sa gajere mota za ta sauka ta yi kyau a ido, amma filin lanƙwasawa ya ragu, don haka dole a yi shi da tauri don kada ciki ya bugi ƙasa. Taurin nan kuwa jikin mai zama yake komawa. Mota marar rufin ƙarfe tana da nata halin daban. Rufi shi ke ɗaure jikin mota, in babu shi jikin yakan ɗan murɗa a kan gargada, sifirin mai tauri kuma sai ya sa gilashin gaba da sitiyari su riƙa rawa. Sannan ta fi 'yar'uwarta mai rufi nauyi, musamman ta baya, saboda ƙarafan da aka ƙara mata da injin da ke naɗe tamfal.

Ina riƙe da sifirin ɗin nan na ga duk abin da zai faru. Akwai wani dogon tudun rage gudu a gaban kasuwa. Na ga motar ta hau shi ta kankari ƙasa, salansa ta yi ƙara, mahauta da masu tireda suna dariya, mai kunnen nan yana zufa a kan sitiyari. Kuma ba mai cewa laifina ne, tunda kayansa ne, umarninsa ne. Hoton ya yi mini daɗi a rai, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai gadon bayan da zai sha wannan bugun, na Oga ne, wanda nake kaiwa asibiti.

"Waɗannan na titi mai santsi ne," na ce masa. "A nan za su karya Oga."

"To yanke nata na asali da wuta. Haka wasu ke yi."

"In na yanke, ƙarfen ya mutu. Gefe ɗaya zai fi ɗaya zama, kuma yana iya zamewa daga mazauninsa a cikin rami."

Ya dube ni yana murmushi. "Kai dai ba ka son ta yi kyau. Ko kishi kaka yi, Ummaru?"

Da wasa ya faɗa, amma ta same ni. Na ce, "Ko ina yi ko ba na yi, tudun gaban kasuwa bai san da wannan ba. Zo mu je ka gani."

Muka aro buhunan shinkafar Kaoje daga shagon maƙwabcinmu, muka sa ɗaya a kujerar gaba a madadin Oga, biyu a baya a madadin Mama, don ita ba ƙarama ba ce. Na auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin jiki a wuri mai daidai, na auna tsayin cikinta daga ƙasa, na yanki kara daidai da shi. Muka je kasuwa, ya hau tudun a hankali, na kwanta a gefe ina duba. Abin da ya rage tsakanin cikinta da kan tudun bai kai yatsu huɗu ba. Na kira shi ya sauko ya leƙa da farar shaddarsa. Ya daɗe a tsugunne, sannan ya ce, "To mi za a yi?"

Na ce yatsu biyu za ta sauka, ba ƙari. Kuma irin sifirin da nake so shi ne wanda zobbansa na gefe ɗaya suka matsu da juna, na ɗaya gefen suka ware. Irin wannan a ƙananan ramuka yana da taushi, sai ya haɗu da babban bugu yake taurara. Dole kuma ya zama wanda aka yi don marar rufi, a haɗo shi da shokazoba da ta dace da tsayinsa, domin tsohuwa ba za ta iya riƙe shi ba, motar za ta riƙa tsalle.

Ya kira mutuminsa a Kwatano. Kayan farko da suka iso ta iyakar Tsamiya na mai rufin ƙarfe ne, hoton ma yana jikin kwali. Lawali ya ce a ɗaura hakanan, lokaci ya ƙure. Na ce in na ɗaura, bayanta zai zauna kamar ta ɗauko kaya, Mama na shiga taya za ta fara cin jiki. Muka yi musu sosai, har ya ce zai kai ta wani gareji. Na miƙa masa makulli. Bai karɓa ba. Kaya na biyu suka iso cikin makon addu'ar.

Na ɗaura su bibbiyu, gaba tare, baya tare. Ban ɗaure kusoshin robobi ba sai da na sauke ta daga jak ta tsaya da nauyinta, don in an ɗaure tana sama robar takan murɗe ta yage. Na daidaita tayoyi da zare, tunda ba mu da na'ura. Sannan na mayar da buhuna na fita gwaji ni kaɗai, kai a buɗe. Ta bi gargadar hanyar Kaoje kamar tana lallashinta, gilashi bai yi rawa ba, ta hau tudun kasuwa ta sauka shiru. Iska tana bugun fuskata, mutane suna ɗago hannu tun daga nesa. Na ɗan ɗanɗana yadda zama Lawali yake. Sai wani mai shayi ya gane ni ya ɗaga murya, "A'a, Ummaru ne! Ina mai motar?"

Ranar Lahadi da hantsi Oga ya fito da fararen kaya, Mama da babban ɗaurin kai. Lawali ya buɗe musu ƙofa. Ni na bi su a baya a kan babur, idona a kan tayar baya, ina duba ko za ta taɓa jiki. Ban ga masu ɗaga hannu ba, ban ga komai ba sai wannan tazarar. A ƙofar coci Oga ya fito ba tare da ya dafa baya ba, ya bubbuga jikin motar, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kun gani? Kamar kwalekwale a kan kogin Kwara. Na gaya muku yaron nan ya san mota."

Lawali ya waiwayo ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, amma mata suka rufe shi da guɗa. Sai Oga ya hango ni ya yafito ni da hannu. Na kafe babur na taho da sauri.

"Ummaru, zo ka ɗauke mu hoto."

Na karɓi waya na ɗauka. Oga a tsakiya, Mama a dama, Lawali a hagu da hannu a kan ƙofar mota. Hoton ya fito da kyau ƙwarai, motar ta zauna daidai a kan tayoyinta.

Washegari na kai Oga da Mama tasha, na ɗora kayansu, na samo wa Oga kujerar gaba. Ya riga ya zauna, direba ya ta da mota, sai ya sauke gilashi.

"Sabon sifirin yakan ƙara zama bayan an ɗan yi tafiya da shi," in ji shi. "Ka ce wa Lawali ya dawo maka da ita ka sake ɗaure na bayan nan, ka duba tayoyi. Kada ka bar shi ya kai ta wurin wani."

"To, Oga."

Motar ta ja. Har yau ban san ko yabo ne ya yi mini ko aike ba. Wata rana in ce yabo ne, wata rana in tuna bai taɓa cewa ina da kunne ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, aikin ƙafar mota in ya yi kyau ba a ganinsa. Mai zama a ciki zai ji daɗi, ya yabi wanda ke riƙe da sitiyari, sunanku kuwa sai ranar da wani abu ya yi ƙara ake tuna shi. Za ku ji zafin haka, wani lokaci har a kan mutumin da kuka taso tare, kuma ban san maganinsa ba, don ni ma bai sake ni ba. Ku ji zafinku a ƙirji, ku bar hannunku ya yi aikinsa. Akwai mutum a cikin motar, kuma yana da baya.