Yatsan Orest

A ƙauyenmu na Saskatchewan, can ƙasar Kanada, inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, gaisuwar hanya yatsa ɗaya ce. In motoci biyu suka haɗu, kowa ya ɗaga manuniya daga kan sitiyari, shi ke nan. Orest Pawluk kuwa ko wannan ma rowarta yake yi. Shekara arba'in yana noman alkama, in ya ɗaga maka rabin yatsa, to ranar ka tashi da sa'a.

Ba mugu ba ne fa. In motarka ta kafe a dusar ƙanƙara, shi ne farkon zuwa da sarƙa. Amma kai ka ce za ka taimake shi? Ina! Sai ya ce, "Ai ina kan ƙafata."

To, ƙafar ce ta karye bana. Ya faɗo daga kan rumbu, ga alkama ta nuna, ga rediyo na cewa dusar za ta sauka ranar Lahadi. In ta sauka, noman shekara ya tafi.

Gunnar Halvorsen, maƙwabcinsa kuma abokin musunsa tun suna makaranta, ya leƙo.

"Tsoho, mu zo da injinan girbi gobe?"

"Wa ya ce muku na mutu?"

Orest ya juya ya fuskanci bango. Amma tsoro ya kama shi, ko abinci ya kasa ci.

Matarsa Stella ta miƙe. Ta shiga kicin ta hau naɗa pirogi, wato 'yan ƙullin fulawa masu cikin dankali, tire bayan tire.

"Wa zai ci duk wannan?" in ji Orest.

"Kaji," ta ce.

Washegari da hantsi injina shida suka shiga gonar a jere. Orest ya sa Stella ta kai shi bakin gona a mota, wai zai kore su. Bai kori kowa ba. Ya zauna yana kallo, ma'aikata suka cinye abincin kajin tas, kafin rana ta faɗi alkama duk ta shiga rumbu.

Suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, kowa na ɗaga masa yatsa. Gunnar ne na ƙarshe. Sai Orest ya zuge gilashi, ya fito da hannu gaba ɗaya, yatsu biyar cif, yana kaɗawa, hawaye na bin kumatunsa.

Gunnar ya taka birki.

"Stella! Mayar da shi asibiti, ba ƙafar kaɗai ya buga ba."