Yatsan da Inna Ta Nema

A shekarun da arzikin mai ya sa kowa ke gini a Sabha, ni shagon intanet nake tsare wa wani Balarabe a unguwar Abdulkafi. Sai wani mai bakin tsiya ya kai labari ƙauyenmu cewa na mutu a hanyar sahara. Na buga waya, amma Inna ta ce murya kowa na iya kwaikwayo, sai ta gan ni da idonta.

Ƙanwata ta ɗauko ta zuwa wani shagon intanet a Damagaram, inda za mu ga juna ta kyamara. Motar ƙauyenmu bayan la'asar take tashi, kuma Inna ba ta kwana a birni. Ana idar da azahar rezo, wato layin intanet, ya ɗauke a shagonmu.

Na buɗe baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni na buga ping, wato sallamar da kwamfuta ke yi ta ji ko akwai mai amsawa. Na'urar shagonmu ta amsa nan take. Na aika waje, shiru. Na sake, shiru. Na bi sawun saƙon zango-zango: ya fita Sabha lafiya, ya kai Tarabulus, daga nan sai taurari a jere, alamar babu amsa. Laifin ba namu ba ne ke nan, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali, don babu abin da zan gyara. Duk da haka na cire wayoyi na hura musu iska na mayar.

"Ma fish shabaka, ka haƙura," in ji mai shagon da Larabcinsa, wai babu layi, yana kurɓar shayinsa. Na ji kamar in kifar da butar shayin.

Ƙanwata ta kira. "Yaya, Inna ta fara ɗaura mayafi. Ta ce yaudararta muke yi."

Tsoro ya kama ni sosai. Na bar ping yana ta bugawa, na zuba wa allon ido. Ladan na gyaran murya zai kira la'asar, layi ɗaya a allon ya amsa, sai wani.

Hoton ya zo a dagule, fuskata duk ta narke. Inna ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Ban gane wannan ba," ta ce. "Ya ɗaga hannun hagu."

Na kai ɗan yatsan da lauje ya karkatar mini tun ina yaro daf da kyamara.

Tana ganin yatsan ta gane ni, ta sa mayafi ta rufe fuskarta. Rezon ya sake ɗaukewa, ban ko taɓa allon ba.