Buzun Malam a Ƙarƙashin Mangwaro

Har yau, in na ji warin fenti da kananzir, sai in tuna bayan gidanmu na Unguwar Dosa, lokacin da gonakin masara suka miƙe har inda ido ya tsaya.

Ƙanin babanmu, wanda muke kira Baba Ƙarami, zanen jikin manyan motoci yake yi a Mando. Amma abin da ransa ke so shi ne ya ɗauki allon katako da gwangwanayen fenti ya fita bayan gida da la'asar, ni ina biye da shi, ina wanke masa buroshi. Kun san yarinya da karambani: ni a wurina kore kore ne kawai. Sai ya ce in dubi ganyen masara da kyau. Na gefen rana ya yi ruwan ɗorawa, na cikin inuwa kamar an ɗiga masa shuɗi. Da sauri-sauri yake zanen, wai haske ba ya jiran kowa.

Matsalar ita ce kakanmu. Malami ne, kuma ya riga ya faɗa: ranar da aka zana mai rai, fenti ya bar gidansa. Ga shi kullum a gindin mangwaron tsakiyar gonar yake lazimi, daidai wurin da Baba Ƙarami ya ƙwallafa rai a kai.

A ƙarshen wata damina ya daure ya zana wurin. Labari ya kai wa Malam, ya aika a kawo allon. Na bi Baba Ƙarami har gaban Malam, don ina son yammacin nan namu kamar me. Malam ya daɗe yana dubawa. Ga mangwaro, ga masara, ga buzunsa a shimfiɗe da buta a gefe, babu kowa a kai.

"Ina mai buzun?"

"Ya tafi masallaci, Baba."

Malam ya danne dariya. "To. Amma ka cika wa hasken nan ja. La'asar ta fi haka sanyi. Je ka gyara."

Muka fita muna murna, muka gyara.

Yanzu gonakin sun zama gidaje, mangwaron ma an sare. Allon yana falona, fentin ya fara tsagewa. 'Ya'yana, da suka saba da hoton waya, sukan tambaye ni don me babu mutum a ciki. Malam bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba har ya rasu. Wannan buzun da babu kowa a kai, shi kaɗai ne hotonsa da muke da shi.