Abarbar Joshuwa ta Rabin Duro

Joshuwa mutumin Kagoro ne. Ya zo Kano a farkon shekarun dubu biyu, ya sami aiki a wani kamfanin jima da ke Challawa, wajen ɗauraye fatu bayan an tsamo su daga magani. Ba shi da yawan magana, hannuwansa kullum a tsattsage. Ɗaki ɗaya yake haya, shi da matarsa Jummai da 'yarsu Salama.

Wata Kirsimeti ya dawo daga gida da kan abarba a cikin jaka. Ya bar shi ya sha iska har gindin ya bushe, sannan ya dasa a rabin duro mai huje a ƙasa, don abarba ba ta son ruwa ya kwanta mata. Abokin aikinsa Ya'u, mutumin Jigawa, ya leƙo ya tuntsire da dariya.

"Manomin duro! Abarba a Kano? Ran da ta haihu ka kira ni suna."

Joshuwa ya ci gaba da gyara ƙasar duron. Kullum da safe yakan zuba mata ruwa kaɗan a tsakiyar ganye, ya cire busassun, ƙayoyinta masu kama da haƙoran zarto suna yagar fatarsa. Haka aka shekara, aka shiga ta biyu.

A bazarar shekara ta biyun famfo ya ƙafe, 'yan ga-ruwa suka yi wuyar gani. Abin da aka samu na sha ne da girki. Ganyen ya fara naɗewa. Sai Joshuwa ya soma cika jarka daga kwatar bayan kamfani, ta ɗauraya ta ƙarshe, wadda ruwanta ya fi haske. Bai gaya wa kowa ba. Abarba ta farfaɗo, bayan damina wani jan abu ya ɓullo a tsakiyarta, ya zama ɗa. Salama takan durƙusa ta yi masa hira.

Ɗan ya fara rawaya ke nan, wata rana suna cin tuwo a bakin ƙofar kamfani, Ya'u ya ce, "Ka ji labarin ragon mai shayi? Kwatar baya ya sha. Kumfa ya dinga yi har ya miƙe, ko yanka shi ba a yarda an yi ba."

Joshuwa ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Wace kwatar, Malam Ya'u?"

"Mai hasken nan mana. Hasken banza ne. Dubi hannunka kawai."

Ya duba. Tun daga ranar, in ƙamshin abarbar ya buge shi a tsakar gida, sai tambaya ɗaya ta dawo masa. Abin da ta sha yana cikinta ne, ko ya tsaya a ƙasa? Bai sani ba, bai kuma san wanda zai tambaya ba tare da maganar ta kai kunnen manaja ba.

Jummai ce ta ƙarasa tsinka masa zuciya. "Baban Salama, wannan ai nunan fari ce, ta Ubangiji ce. Ran Lahadi za mu kai coci, a yayyanka wa yaran makarantar Lahadi."

"Ba ta gama nuna ba."

"Kai dai rowa! Hancinka ya toshe ne?"

Ran Lahadi Salama ta ɗora abarbar a faranti bisa kanta, ta yi gaba da sabon takalmi. Joshuwa na biye, gumi ya jiƙa masa riga. Daga nesa ya hango yaran suna tsalle a ƙofar coci, ƙanana, wasu ko haƙori ba su gama fitarwa ba. Ya tuna kumfar ragon. Ya ƙara sauri ya cim ma Salama.

Ya miƙa hannu ya sauke abarbar daga farantin.

"Baba!"

"Maman Salama," ya ce, "ruwan kwatar kamfani na ba ta a bazara. Ban san abin da ke cikinta ba."

Jummai ta dube shi, ta dubi hannuwansa, sannan ta jawo Salama jikinta ta buɗe mata baki. "Kin lasa?"

Yarinyar ta girgiza kai tana kuka.

Joshuwa bai shiga coci ba ran nan. Ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida, inda akuya ba za ta tona ba, ya binne abarbar, ya juye ƙasar duron a kai. Ya'u bai sami zuwa suna ba. Da Kirsimeti ta zagayo, Joshuwa ya dawo daga Kagoro da wani kan abarba. Wannan karon, daga kofin shansa yake rage mata.